Cokali a baki: Yadda tsarin lafiyar Najeriya ya manta da haƙoran masu farfaɗiya

Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ce ranar lafiyar baki ta duniya. Kwana shida bayan nan, wato 26 ga wata, masu fafutuka a ƙasashe da dama kan sanya tufafi masu launin shunayya domin tunawa da masu ciwon farfaɗiya. A Najeriya ana gudanar da bukukuwan biyu kamar yadda aka saba: jawabi, tattaki, rabon burushi ga 'yan makaranta, hira a rediyo. Likitocin haƙori su yi nasu taron, likitocin ƙwaƙwalwa su yi nasu, kowa ya naɗe tabarmarsa. Abin da ba kasafai ake ji ba shi ne wani ya tashi a ɗaya daga cikin tarukan ya ce akwai mutum guda da maganar ɓangarorin biyu ta haɗu a bakinsa.

Mai farfaɗiya yana cikin waɗanda suka fi kowa asarar haƙora, kuma yana cikin waɗanda suka fi wahalar samun wanda zai duba masa su. Cutar tana karya masa haƙori, masu kawo masa ɗauki suna ƙara karya wani, maganin da yake sha domin ya rayu yana iya kumbura masa dasashi, idan kuma ya isa asibitin haƙori sai ya tarar ana ɗari-ɗari da shi ko kuma kuɗin ya fi ƙarfinsa. A kallon farko magana ce ta likitoci. Idan aka bi ta daki-daki, za a ga kusan kowane mataki nata yana komawa ga wata shawara da gwamnati ta yanke, ko ta ƙi yankewa.

Su wa ake magana a kansu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suna zaune a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Hukumar ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu cutar za su iya daina faɗuwa gaba ɗaya idan an gano ciwon kuma an ba su maganin da ya dace, amma kashi uku cikin huɗu na waɗanda ke ƙasashe matalauta ba sa samun maganin. A Najeriya, wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara binciken da aka yi gida-gida a sassan ƙasar, ya sanya adadin a kan kimanin mutum 8 cikin kowane 1,000. A ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, wannan ya zarce mutum miliyan ɗaya da rabi.

Arewa tana da nata dalilan na damuwa, domin abubuwan da ke raunata ƙwaƙwalwa har su bar mutum da farfaɗiya sun yi mata katutu. Akwai doguwar naƙuda a gida, wadda ke hana jariri iskar da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, a ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin a duniya. Akwai sanƙarau, wanda a 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya sake dawowa da ƙarfi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, kuma bai san iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi ba. Sai raunin kai daga haɗarin babur ba hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya ana iya kauce masa tun farko. Yaron da ya tsira daga sanƙarau a 2017 ya rage da faɗuwa, yau saurayi ne, kuma babu wata rajista da ke ƙirga haƙoran da suka rage a bakinsa.

Ɗaukin da ke karya haƙori

Farfaɗiya tana faruwa ne idan siginar lantarki da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna ta rikice na ɗan lokaci. Iri-iri ce. Wani sai dai ya yi shiru ya zuba ido na daƙiƙoƙi, wani hannu ɗaya ne zai yi rawa. Wadda jama'a suka fi sani ita ce mai kayar da mutum ƙasa, jiki ya sandare sannan ya shiga jijjiga. A wannan ce baki ke shan wahala. Mutum yana faɗuwa ba tare da ya iya tare ƙasa da hannu ba, don haka fuska ce ke fara sauka, haƙoran gaba na sama su tsage ko su fita, leɓe ya fashe, wani lokaci muƙamuƙi ya goce ko ya karye. Cikin jijjigar kuma tsokar muƙamuƙi tana damƙewa da ƙarfi, a ciji gefen harshe ko cikin kumatu.

Wannan ɓarnar cutar ce. Ta biyun kuwa ta masu taimako ce, kuma ita ta fi ciwo domin da kyakkyawar niyya ake yin ta. Da zarar mutum ya faɗi, sai a ji ana cewa a kawo cokali. A ɗura masa cokali ko sanda ko tsumma tsakanin haƙora, wai kada ya haɗiye harshensa, ko kada haƙoran su haɗe ya mutu. Babu mai haɗiye harshensa. Harshe a ɗaure yake da ƙasan baki. Abin da cokalin ke yi shi ne ya fasa haƙori, ya yage dasashi, kuma ɓallin haƙorin da ya karye yana iya wucewa maƙogwaro ya shiga huhu. Haka ɗura ruwa ko man ja ko jiƙo a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa: hanyar numfashi abin ke bi. Wanda ya cusa yatsa kuwa shi ma yana iya komawa gida da nasa raunin.

Abin da ya kamata a yi bai buƙatar ko sisi. A janye wuta da ruwan zafi da duk abin da zai ji masa rauni, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a sassauta masa wuyan riga, kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa. Idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe domin yawu ya zuba waje. A duba agogo: yawanci abin yana wucewa cikin minti ɗaya zuwa uku, amma idan ya haura minti biyar, ko wata ta biyo kafin ya farfaɗo, sai asibiti da gaggawa. Idan haƙorin babba ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kansa ba ta saiwa ba, a jefa shi cikin madara, a nufi likitan haƙori, domin cikin sa'a ta farko akwai damar a mayar da shi ya kama. Haƙorin yarinta ne kawai ba a mayarwa.

Wannan bayani gaba ɗayansa bai wuce abin da malamin firamare zai koyar cikin darasi guda ba. Ƙasar da ta iya kai saƙon rigakafin shan inna lungu-lungu, ta bakin sarakuna da limamai da masu shela, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020, ba za ta ce saƙon "kada a sa cokali" ya gagare ta ba. Ba a dai sa shi a gaba ba ne.

Akwai kuma wani camfi da ya fi na cokali dafi, wato cewa yawu ko kumfar bakin mai farfaɗiya na yaɗa cutar. Ba ta yaɗuwa, ko ta yawu, ko ta kwano, ko ta numfashi. Amma saboda wannan imani ake ware wa yaro kofinsa da kwanonsa, ake cire shi daga makaranta, ake watsewa a bar shi shi kaɗai idan ya faɗi kusa da murhu. Kuma tun da bakin ne aka mayar abin tsoro, shi ne sashen jikinsa da ba mai son leƙawa. Uwar da ke jin tsoron yawun ɗanta ba za ta tsaya ta goge masa haƙora ba. Masu jingina wannan ƙyama da addini ba su da madafa: a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, matar da ke fama da faɗuwa ta zo gaban Annabi (SAW) da kanta ta kai kukanta, aka saurare ta, aka yi mata addu'a da albishir, ba a kore ta ba. Ibn Sina kuma, shekara dubu da suka wuce, ya yi bayanin cutar a littafinsa na likitanci a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa. Neman addu'a bai hana shan magani ba, kuma malaman da ke ruƙiyya za su yi wa al'umma babban aiki idan suka riƙa tura masu faɗuwa asibiti tun zuwan farko.

Magani mai tsada, magani mai araha, da dasashi

A 1938 wasu likitoci biyu a Amurka, Merritt da Putnam, suka nuna cewa wani magani mai suna fenitoyin yana hana faɗuwa ba tare da ya sa barci mai nauyi irin na fenobabiton ba, wanda ake amfani da shi tun 1912. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1939, aka ba da rahoton farko cewa dasashin masu shan sa yana girma fiye da ƙima. Wato likitanci ya san wannan matsala fiye da shekara tamanin.

Kusan rabin masu shan fenitoyin na dogon lokaci suna samun wannan kumburi, kuma ya fi kama yara da matasa. Yakan fara cikin watannin farko, daga ɗan naman da ke tsakanin haƙora, musamman na gaba, ya yi ta tashi yana kauri har a wasu ya kusa rufe haƙoran. Maganin yana rage wa dasashi ikon narkar da tsohon nama yayin da sabo ke ci gaba da tsirowa. Dattin da ke manne wa haƙori yana hura wutar abin, kumburin kuma yana hana burushi ko asuwaki isa inda dattin yake, sai matsalar ta riƙa ciyar da kanta: jini, wari, ruɓewa, girgiɗar haƙori. Idan ya yi tsanani sai an yanke naman, kuma yana iya dawowa muddin ana kan maganin.

A nan ne maganar haƙori ke komawa maganar rai. Budurwa 'yar shekara goma sha shida da ta ga bakinta yana canza kama, ƙawaye suna kau da kai, za ta iya yanke shawarar daina shan ƙwayar ba tare da ta gaya wa kowa ba. Daina maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai tsawo wadda ba ta tsayawa, irin wadda ke kisa. Da tun ranar da aka rubuta mata maganin an gaya mata abin da zai iya faruwa, an tura ta a wanke mata haƙora, an ce ta dawo idan ta ga canji domin likita ya sauya mata wani a hankali, da ba a kai nan ba. Akwai ma wani gwaji da aka yi a birnin Delhi na Indiya, aka wallafa a 2011, inda aka bai wa yara masu shan fenitoyin ƙaramin kaso na folik asid kullum: kashi 21 cikin ɗari ne suka samu kumburin, alhali a waɗanda ba a ba su ba kashi 88 ne. Folik asid dai shi ne ƙwayar nan mai araha da ake raba wa masu juna biyu a kowane ɗakin awo. Likita ne zai yanke ko a haɗa su, amma abin tambaya shi ne ko ma'aikatan da ke rubuta maganin a karkara an taɓa sanar da su.

Sauran magungunan ma kowanne da nasa. Kabamazefin, wanda aka fi sani da sunan Tegretol, yana iya busar da baki, kuma yawu shi ne mai wanke haƙori na farko, idan ya ƙaranta ruɓewa ta samu ƙofa. Balfurowet, wato Epilim, yana iya rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, don haka wanda za a cire wa haƙori yana kan sa ya kamata a duba jininsa. Ga shi kuma da haɗari ga ɗan tayi, abin da ya sa ake taka-tsantsan da shi ga mata masu shekarun haihuwa. Yara kuwa ruwan magani ake ba su, galibi mai zaƙi, safe da dare shekara da shekaru, na daren kuma a sha a kwanta ba a kurkure baki ba.

Ƙasashe masu arziki sun rage dogaro da fenitoyin a matsayin maganin yau da kullum tun da daɗewa, sun koma sababbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ɗaya daga cikin sababbin, lebetirasitam, a jerin muhimman magungunanta a 2023. Amma a nan gida aljihu ne ke zaɓar magani. Shekarar 2023 ɗin ce aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka saki Naira a watan Yuni, dalar da ake saya a hukumance kusan Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Agusta kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa kai-tsaye a Najeriya, kamfanin da sunan man goge bakinsa, Macleans, ya zama "makilin" a bakin Bahaushe. A watan Nuwamba Sanofi, mai yin Epilim, ya sanar da irin wannan mataki, ya miƙa rabon magungunansa ga wani dillali. Shugaba Tinubu ya sa hannu a watan Yunin 2024 kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu, mataki mai kyau ga masana'antun gida, sai dai mai farfaɗiya ba ya iya jiran masana'anta ta kafu. Ƙwaya ce ta kullum. Wanda kuɗinsa ya gaza yakan raba ƙwaya biyu, ko ya tsallake kwana, ko ya koma tsohon magani mafi araha a kemis ba tare da likita ya sani ba. Kowace faɗuwa da ta biyo baya wata dama ce ta rasa haƙori. Abin takaicin shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana iya samar wa mutum maganin shekara guda a kan kuɗin da bai wuce dala 5 ba.

Kemis, ciwon haƙori da taramol

Wanda haƙori ya hana barci a Arewa ba asibiti yake fara zuwa ba, kemis yake zuwa. A haɗa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, ba tambayar wane magani yake sha. Ga mai farfaɗiya wannan caca ce da rai. Flagyl, da magungunan farin baki irin su fulukonazol, suna iya hana hanta sarrafa fenitoyin, ya taru a jini har mutum ya riƙa tangaɗi yana gani biyu-biyu. Eritiromaisin yana yi wa Tegretol irin wannan. Asfirin da Epilim ba sa jituwa saboda zubar jini.

Mafi muni shi ne taramol. Wannan ƙwaya, wadda ta zama annoba tsakanin matasa har hukumar NDLEA ke kama ta kwantena-kwantena a tashoshin jiragen ruwa, tana saukaka wa ƙwaƙwalwa shiga jijjiga. Tana kayar da wanda ma bai taɓa farfaɗiya ba idan ya sha da yawa, balle mai ita. Kuma ita ce abin da ake miƙa wa mai ciwon haƙori mai tsanani a shaguna da yawa. Gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kwana ɗaya bayan rahoton binciken BBC, abin da ya nuna ana iya motsi da sauri idan an ji kunya a idon duniya. Horar da masu kemis su riƙa tambaya ɗaya, "kana shan maganin faɗuwa?", ba zai ja hankalin kyamarori ba, amma zai ceci mutane.

Ƙofar asibitin haƙori

Likitocin haƙorin Najeriya 'yan dubbai kaɗan ne, kuma yawancinsu suna Legas da Abuja da manyan biranen Kudu. An fara koyar da fannin a Legas tun shekarun 1960, Arewa kuwa ta jira shekaru da dama kafin Jami'ar Maiduguri, sannan Jami'ar Bayero, su buɗe nasu. Ga kuma ƙaura: Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce a 2024 likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. A ƙauye, mai cire haƙori na kasuwa shi ne likita.

Tsarin ma a rabe yake. Saboda ƙarancin likitocin jijiyoyi, da yawa daga masu farfaɗiya a Arewa suna karɓar magani ne a asibitocin taɓin hankali, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Wannan yana ƙara wa jama'a zaton cewa farfaɗiya hauka ce, alhali ba ita ba ce. Sannan yana nisanta majiyyaci da sashen haƙori, wanda ke wani asibitin dabam, da wani kati, da wani layi, da wani kuɗin mota. Fayil ɗin nan bai san da fayil ɗin can ba.

Idan ya isa, wata matsalar ta taso. Wani majiyyacin yakan ɓoye cutarsa don kada a sallame shi, wani ma'aikacin kuma yakan ce a je babban asibiti don kada a faɗi masa a kujera. Duka biyun tsoro ne mara tushe. Wanda maganinsa ke riƙe da shi ana iya yi masa ciko da wanki da cirewa kamar kowa, kuma allurar kashe zafi da aka saba amfani da ita ba ta da matsala a ma'aunin da aka saba. Abin da ake buƙata shi ne likita ya san yaushe ya faɗi na ƙarshe, me ke tayar masa, wane magani yake sha. Majiyyaci kuma ya zo ya sha ƙwayarsa, ya ci abinci, ya yi barci isasshe. Idan abin ya zo a kujera, a cire kayan aiki daga baki, a kwantar da kujerar, a jira, a juya shi gefe, kuma a tanadi iskar oksijin da maganin tsayar da jijjiga. Ɓoyewar ce haɗari.

Sai batun maye gurbin abin da aka rasa. Haƙorin roba mai cirewa shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi haɗari ga mai yawan faɗuwa, domin yana iya karyewa ko ya zame ya toshe maƙogwaro. Likitoci sun fi son a yi masa wanda ake kafawa dindindin. To amma tun zamanin tsohuwar hukumar inshorar lafiya, NHIS, an jera rufin haƙori da gadar haƙori da dashe cikin abubuwan da inshora ba ta biya, a sahu ɗaya da faranta haƙora don ado. Ga mai neman kwalliya wannan hukunci daidai ne. Ga wanda cuta ta fasa wa haƙoran gaba, kuma mai arahar zai iya shaƙe shi, ba kwalliya ba ce. Ƙa'idar ba ta bambance su ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majiyyaci yake fita, ma'anar wannan ita ce ya zauna da giɓi.

Alƙawuran da aka sa wa hannu

Najeriya ba ta rasa takardu ba. A watan Mayun 2022 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da cututtukan jijiyoyi, wanda ya nemi kowace ƙasa ta ƙara yawan masu samun kulawar farfaɗiya da kashi 50 cikin ɗari kafin 2031, kuma ƙasashe su gyara dokokinsu domin kare haƙƙin masu cutar. Shirin lafiyar baki na duniya kuma ya sa burin cewa kafin 2030 kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya su samu damar kulawar baki ta asali. A wannan wata na Mayun 2022 ne Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya ta kuma kafa asusun marasa galihu, aka ce zai kula da mutum miliyan 83. Zuwa ƙarshen 2024 waɗanda ke cikin inshora gaba ɗaya kimanin miliyan 19 ne. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, har yau kasafin tarayya yana yawo ne a wajen kashi 5.

Batun gyaran doka ma akwai abin dubawa. Dokar auren rajista ta 1970 har yanzu tana lissafa yawan faɗuwar farfaɗiya, a jimla ɗaya da hauka, cikin dalilan da za a iya neman kotu ta rushe aure. Ingila, inda tunanin ya samo asali, ta cire nata tun 1971. Gaskiya ne mafi yawan auren Arewa ba a ƙarƙashin wannan doka ake ɗaura shi ba, amma doka tana faɗa wa al'umma yadda hukuma ke kallon mutum. Majalisar da ta iya maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023 za ta iya goge kalma ɗaya.

Akwai shaida cewa idan Najeriya ta so tana iyawa, kuma a fannin baki ma. Ita ce ta jagoranci neman a saka cutar noma, mai cin fuskar yara, cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a watan Disambar 2023, bayan shekaru ana aiki a asibitin yara masu noma na Sakkwato. A ɓangaren farfaɗiya kuma, masu bincike na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun gudanar da wani shiri mai suna BRIDGE a cibiyoyin lafiya 60 a Kano da Zariya da Kaduna, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gano farfaɗiyar yara su kuma kula da ita, maimakon jiran ƙwararren da babu. Wannan ita ce hanyar da ta dace da yanayinmu, kuma a cikinta ne maganar baki za ta samu wurin zama ba tare da sabon gini ko sabuwar hukuma ba. Ma'aikacin da ke ba da maganin wata-wata zai iya ɗaga leɓen yaro ya duba dasashi cikin rabin minti. Katin majiyyaci zai iya ɗaukar layi guda da ke nuna yaushe aka duba baki. Kwalejojin kimiyyar lafiya na jihohi suna yaye masu kula da haƙori na matsakaicin mataki waɗanda za su iya wankin haƙora, da yawansu kuma suna zaune ba aiki.

Inda za a matsa lamba a bayyane yake. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso na kuɗin yana bi ta hukumomin inshorar jihohi ne, irin su KSCHMA ta Kano. Kowace daga cikin hukumomin nan tana da jerin abin da take biya da jerin magungunanta, kuma kwamitin lafiya na majalisar jiha yana da ikon kiran shugabanninta ya tambaye su. Ana gabatar da kasafin jihohi a ƙarshen shekara, ana kuma zaman jin ra'ayin jama'a. Matashin da ya shiga irin wannan zama zai iya neman a nuna masa ko maganin farfaɗiya yana cikin jerin, wane iri ne, cibiyoyi nawa ne suka same shi a watan da ya wuce, kuma ko mai shan fenitoyin yana da haƙƙin wankin haƙora sau biyu a shekara ba tare da ya biya ba.